Tsohon injin Amurka mai babban bulok: tambayoyi da amsoshi kafin ka biya kuɗi

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan dawowa daga masu sha'awar tsofaffin motocin Amurka na shekarun 1960 da 1970, musamman wanda ya ga an tallata inji a intanet, ko wani ɗan'uwa da ke can ya turo masa hoto ya ce ga banza ta faɗi. Amsoshin sun karkata ga abu guda: a tsohon inji, abin da kake saye da gaske shi ne ƙarfen bulok, wato gangar jikin injin, da kawunan silinda biyu waɗanda kanikawa ke kira tof, da karanshaf. Fistan da rin da metal (faifan da karanshaf ke juyawa a kansu) da gasket duk ana sayen sababbi. Bulok ɗin da ya tsage kuwa sai dai a kai shi wurin masu awon ƙarfe.

Wane inji ake kira mai babban bulok?

Suna ne da Amurkawa suka raɗa wa manyan injunan V8 (masu silinda takwas a jeri biyu kamar harafin V) na kamfanoninsu, don bambanta su da ƙananan V8 na kamfani ɗaya. Girman gangar ƙarfen da tazarar da ke tsakanin ramukan silinda ne ke sa inji cikin wannan gida. Lambobin da za ka riƙa ji, kamar 396 ko 440, girman ciki ne da ma'aunin kiyubik inci.

Chevrolet ta fito da 396 a 1965, da 427 a 1966, sannan 454 a 1970, wanda ya kai lita 7.4. Kafin su akwai 348 da 409. Ford tana da gida biyu: na FE, wanda ya fara a 1958 ya ƙunshi 352 da 360 da 390 da 427 da 428, sai kuma gidan 429 da 460 da ya zo a 1968. Chrysler, uwar Dodge da Plymouth, tana da 383 da 400 da 413 da 440, ga kuma 426 Hemi da aka sayar a motocin titi daga 1966 zuwa 1971. An daina ƙera 440 a 1978, amma 454 da 460 sun ci gaba a manyan a-kori-kura har cikin shekarun 1990. Wannan ya sa su biyun suka fi sauƙin samu, kuma suka fi sauƙin kuɗi.

Mai sayarwa ya ce 454 ne na motar Chevrolet Chevelle ta 1970. Ta yaya zan tabbatar?

Da lambobi, kuma iri uku ne a jikin injin Chevrolet.

Ta farko lambar zubi ce, wadda ta fito tudu-tudu tun ranar da aka zuba narkakken ƙarfe. Tana baya, gefen direba, a kan leɓen da giyabos ke kamawa. Kusan kullum datti da baƙin mai sun rufe ta, don haka ka tafi da burushin waya da tocila. Ta biyu ranar zubi ce: harafi ɗaya na wata, A Janairu har zuwa L Disamba, sai rana, sai lambar ƙarshe ta shekara. B 12 9 na nufin 12 ga Fabrairu na shekarar da ta ƙare da 9, lambar zubi ce za ta raba maka 1969 da 1979. Ta uku ita ce wadda aka buga da guduma a kan wani ɗan fili mai santsi a gaba, gefen fasinja, daidai gaban tof. Tana farawa da T, alamar masana'antar Tonawanda da ke jihar New York, sai wata da ranar haɗa injin, sai haruffan ƙarshe da ke faɗin irin motar da ƙarfin injin. Har 1969 haruffa biyu ne, daga 1970 suka zama uku. A kusa da su akan buga wani ɓangare na lambar motar da injin ya fito a cikinta.

Lamba ɗaya ba ta isa shaida ba. Bulok mai lambar zubi 3963512, alal misali, an yi 427 da shi, an kuma yi 454 da shi. Dole ukun su yi magana da murya ɗaya. Ranar zubi ta riga ranar haɗawa da 'yan kwanaki ko makonni, ranar haɗawa kuma ta riga ranar ƙera motar. Idan ka ga an haɗa inji kafin a zuba ƙarfensa, ka san akwai lauje cikin naɗi.

Abin da ke kawo ha'inci shi ne kuɗi. 454 samfurin LS6 da aka sa a Chevelle ta 1970, mai ƙarfin doki 450, da 454 na motar ɗaukar kaya na ƙarshen shekarun 1970, daga nesa kamar an tsaga kara suke, amma farashinsu sama da ƙasa ne. Shi ya sa wasu ke aske wancan ɗan fili su sake buga lamba. Fili na asali yana da siraran layuka miƙaƙƙu daga gaba zuwa baya, sawun na'urar masana'anta. Idan ka ga sawun ya yi gewaye kamar bakan gizo, an aske shi daga baya. Askewa kaɗai ba laifi ba ce, domin masu gyara kan aske saman bulok don ya daidaita, lambar ta tafi da aski. Amma fili mai sabon aski ɗauke da lamba tsaf-tsaf, wannan sai a yi masa kallo biyu. Idan kuma ka ga lambar ta fara da CE, bulok ne na canji da dila ya sa a madadin wanda ya lalace lokacin garanti. Inji ne na ƙwarai, amma ba shi motar ta fito da shi ba.

Na Ford da na Chrysler fa?

Ford tana rubuta shekara a farkon lambar zubi: C na shekarun 1960, D na shekarun 1970, lambar da ke biye ita ce shekarar. C8 na nufin 1968, D0 na nufin 1970. Sai dai shekarar da aka tsara kayan ce, an kuma ci gaba da zuba wasu da lamba ɗaya shekara da shekaru. A gidan FE ma lamba ba ta cika taimako ba, domin bulok da yawa suna ɗauke da 352 a gaba alhali ba 352 ba ne.

Chrysler ta fi sauƙin kai. Distiributa a gaba take, kuma a kusa da ita akwai fili da aka buga girman injin ƙarara, 383 ko 440, tare da harafin shekara. A gefen bulok kuma akwai lambar zubi da cikakkiyar ranar zubi.

An ce akwai injunan da ba a iya bambanta su da ido. Gaskiya ne?

Ƙwarai kuwa. Masu harkar Ford a Amurka suna da barkwancin cewa ranar kasuwa kowane 360 yakan rikiɗe ya zama 390. Faɗin silindarsu ɗaya ne, inci 4.05. Bambancin yana a nisan tafiyar fistan: inci 3.50 a 360, inci 3.78 a 390, wato kimanin milimita 7. Gwajin ba ya cin ko kobo. Ka cire fulogi, ka zura siririn tsinke miƙaƙƙe ya taɓa kan fistan, wani ya juya injin da hannu. Ka yi alama lokacin da fistan ya kai can sama, ka sake yi lokacin da ya kai can ƙasa, ka auna tsakani. Tun da ramin fulogi a karkace yake, awon ba zai fita daidai da gashi ba, amma ya isa ya raba milimita 89 da 96. Haka ake raba 427 da 454 na Chevrolet, inci 3.76 da 4.00, da kuma 429 da 460 na Ford, inci 3.59 da 3.85.

Wani tarkon shi ne dogon bulok na manyan motocin dakon kaya na Chevrolet, 366 da wani 427 ɗin daban. Tsayinsu daga tsakiyar karanshaf zuwa saman bulok inci 10.2 ne maimakon 9.8, fistan ɗinsu masu nauyi ne masu rin huɗu. Injuna ne masu juriya, amma manifol da distiributa da bututun salansa na motar gida ba sa hawa kansu kai tsaye. Mutum ya ji an ce 427 ya yi ta murna, sai ya kai gida ya tarar da injin tifa ya saya.

Injin yana cikin mota kuma yana tashi. Daga ina zan fara?

Ka roƙi mai shi kada ya tayar kafin ka iso. Da ka isa, kafin gaisuwa ta yi nisa, ka kai bayan hannunka kusa da manifol ɗin salansa. Idan da ɗumi, an riga an tayar, kuma sanyin safiya da ke tona asirin inji ya wuce ka. Gara ka dawo gobe.

Kafin a murɗa makulli ka zaro sandar auna baƙin mai. Mai baƙi ƙirin ba abin tsoro ba ne, tsufa ne kawai. Wanda ya koma kamar kunun gyaɗa, ruwa ya shiga. Wanda yake warin fetur, kafireto ko famfon mai na zubar da fetur ciki, ya wanke bangon silinda. Mai sabo fil mai kauri kamar zuma a injin da duk jikinsa datti ne, ka tambayi dalili, domin mai kauri yana ɓoye ƙara, yana kuma ɗaga geji.

Sai a tayar, kai kana tsaye a baya kana kallon salansa. Shuɗin hayaƙi da ya fito sau ɗaya ya ɗauke, robobin bawul ne ko hanyoyinsu, gyara mai sauƙi. Shuɗin da ya ƙi ɗaukewa, yana ƙaruwa idan an taka totur, rin ne. Baƙin hayaƙi fetur ne ya yi yawa, matsalar kafireto. Farin da ya ci gaba bayan inji ya yi zafi, mai ɗan ƙamshin zaƙi, ruwan lagireto ne ke ƙonewa.

Sannan ka dawo gaba ka kasa kunne. Doguwar sukundireba a jikin bulok, ƙotarta a kunnenka, ta isa. Ƙara mai nauyi daga can ƙasa, dum-dum, wadda ke ƙaruwa idan inji ya ɗauki kaya, manyan metal ne. Ƙwanƙwasa mai kaifi da ke raguwa idan ka zare wayar fulogin silinda ɗaya, metal ɗin konrod na wannan silindar ne. Tik-tik daga sama tafet ne, ko da yake gasket ɗin salansa da ya fashe yana kwaikwayon wannan ƙara, sai dai shi yakan lafa idan ƙarfe ya yi zafi. Ka bar injin ya yi aiki aƙalla minti ashirin zuwa talatin. Yawancin ɓoyayyun cututtuka sai mai ya tsinke da zafi suke bayyana.

Waɗanne na'urori zan tafi da su, kuma wane sakamako zan nema?

Huɗu sun isa, kuma duka ba su kai kuɗin fistan takwas ba.

Gejin matsin baƙin mai naka na kanka, wanda ake ɗaurawa kai tsaye a jikin bulok, domin na gaban mota mai shekara hamsin ba abin dogaro ba ne. Tsohuwar ƙa'idar kanikawan Amurka ita ce psi 10 (ma'aunin matsi da gejin ke nunawa) ga kowane juyi 1,000 a minti, inji na da zafi. Idan da sanyi ya nuna 50, da zafi a silo ya faɗo ƙasa da 10, metal sun cinye.

Gejin kwamfireshan. Inji da ɗumi, a cire fulogi takwas duka, a buɗe totur har ƙarshe, a buga kik. Daidaituwar silindu takwas ɗin ta fi yawan lambar muhimmanci: kada mafi ƙanƙanta ta gaza mafi girma da fiye da kashi 10 cikin 100. Biyu maƙwabta da suka faɗi tare, gasket ne ya ƙone tsakaninsu. Ɗaya da ta faɗi, ka zuba mata cokali guda na baƙin mai ka sake. Idan ta tashi rin ne, idan ta tsaya yadda take bawul ne.

Na'urar gwajin zurarewar iska, wadda ake hura iska da ita cikin silinda alhali fistan yana can sama. Ita ce na fi so, domin tana nuna ƙofar da ɓarawo ke bi. Iska ta fito ta kafireto, bawul ɗin shiga. Ta fito ta salansa, bawul ɗin fita. Ta fito ta bakin zuba mai, rin. Ruwan lagireto ya yi kumfa, gasket ko tsaga. Asarar ƙasa da kashi 10 lafiya ce, sama da 20 a tsohon inji sai shirin buɗewa.

Ta huɗu 'yar kyamara ce mai igiya da ake haɗawa da waya a zura ta ramin fulogi. Da ita za ka ga tsatsa, da ƙarzuwa a bango, da fistan ɗin da ya fi 'yan'uwansa tsabta. Wannan tsabtar ba alheri ba ce, tururin ruwa ne ya wanke shi.

Injin yana ajiye a ƙasa, an ce lafiya lau yake aiki ranar da aka cire shi. In yarda?

Ka saurara da ladabi, amma ka yi ciniki kamar ba ka ji ba. Wataƙila mutumin gaskiya ya faɗa, sai dai shekara goma sha biyar ke nan da cirewar, kuma damina da sanyi sun yi ta wucewa a kansa. A kowane V8 da ya tsaya, wasu bawul a buɗe suke, laima na shiga ta nan ta kwanta a bangon silinda.

Ka cire fulogi duka ka jera su bi da bi. Ka sa babbar sifana a kusar gaban karanshaf ka juya zagaye biyu cikakku. Ya kamata ya tafi sumul da nauyi iri ɗaya. Idan ya cije a wani wuri kada ka tilasta, domin fushrod kan lanƙwashe a hannun mai gaggawa. Ka tura karanshaf gaba da baya da ƙarfe: motsin da ya halatta bai wuce kaurin takarda biyu ko uku ba, idan ka ji ƙwal, metal ɗin da ke tare shi ya tafi.

Daga nan ka nemi izinin buɗe murfin tof da kaskon mai na ƙasa. Mai sayarwar da ya ƙi a kwance kusoshin kasko a injin da ke zaune a ƙasa, ya riga ya ba ka amsa. Abin da ke kwance a gindin kasko tarihin injin ne. Ƙyalƙyali mai launin tagulla daga metal yake. Garin ƙarfe da ke manne wa maganaɗisu yawanci daga kamshaf da tafet ne. Gutsattsarin roba masu launin ƙasa kuwa haƙoran giyar tayimin ne, domin kamfanonin Amurka na wancan zamani sun lulluɓe haƙoran da nailan don rage ƙara, da tsufa sai su karairaye su toshe rariyar famfon mai. Ka yanka filta ma ka buɗe takardar ciki a rana. Idan an yarda, ka kwance murfin metal ɗaya ko biyu ka duba wuyan karanshaf: farce bai kamata ya maƙale a kansa ba.

Me ya sa ake ta maganar tsaga?

Saboda ita ce cutar da ke mayar da dukiya bola, kuma mu da muka tashi a ƙasar zafi ba mu saba tunaninta ba. A jihohi irin Michigan da Minnesota sanyi na daskarar da ruwa, ruwa kuma idan ya zama ƙanƙara yana kumbura da kimanin kashi 9 cikin 100. Injin da aka ajiye da ruwa zalla a cikinsa, ba tare da maganin hana daskarewa ba, dare ɗaya ya isa ƙanƙara ta tsaga shi daga ciki.

Ka goge gefunan bulok ƙasa da tof, ka nemi siririn layin tsatsa a kwance. Ka duba kwarin da ke tsakiya ƙarƙashin manifol, inda tafet suke. Ka duba faifan toshiya na gefe, idan ɗaya ya turo waje, ƙanƙara ta taɓa aiki a nan. A Chevrolet ka duba kunnen da kik ke ɗaurewa, yana yawan karyewa. A tof kuma tsakanin mazaunin bawul ake samun ta. Sabon fenti mai kauri a kan injin da ba a kwance ba, kyan ɗan maciji ne: fentin gwangwani ruwan lemo irin na Chevrolet ko shuɗi irin na Ford yana rufe walda da gam sarai.

Ido ba ya ganin kowace tsaga. Shagon gyaran inji yana da gwajin Magnaflux, inda ake sa wa ƙarfe maganaɗisu a barbaɗa masa gari, garin ya taru a bakin tsagar. Akwai kuma gwajin matsa iska ko ruwa a hanyoyin sanyaya. Idan kuɗin da ake nema masu yawa ne, ka sa sharaɗi a rubuce cewa ciniki bai faɗa ba sai bulok ya ci waɗannan gwaje-gwaje.

An ce an taɓa yi masa borin, wato an faɗaɗa ramukan silinda. Illa ce?

Ya danganta da sau nawa. Ƙarin 0.030 na inci, kimanin milimita 0.76, abu ne na yau da kullum, sau da yawa ma a rubuce yake a kan fistan. Chevrolet da kanta ta yi wa 396 irin wannan ƙari a 1970 ya zama 402, ta ci gaba da manna masa tambarin 396 a Chevelle. Idan an kai 0.060, yawancin bulok sun zo kusa da iyakarsu. Daga nan sai gwajin kaurin bango da na'urar sauti, domin zubin wancan lokaci ba kullum yake zama a tsakiya ba, gefe ɗaya ya yi kauri ɗayan ya yi siriri, ga tsatsa ta ci ta baya. Bango siriri shi ne injin da zai yi ta zafi, ka canza lagireto sau uku a banza. Ana iya sa silib a silinda ɗaya ko biyu, amma takwas kuɗinsu ya wuce na wani bulok. Idan tof a buɗe yake, ka ja farce a bakin silinda daga ciki. Tudun da ya tare farce yana nufin borin na jiranka.

Kusoshi huɗu ko biyu a murfin manyan metal, wanne zan nema?

Don yawon gari da zuwa biki, biyu sun wadatar. Kada ka ƙara kuɗi kan wannan sai an cire kasko ka ƙirga da idonka.

An ce sabon gyara ne, bai yi tafiya ba. Wannan bai fi ba?

Idan akwai rasit daga shagon da ya yi aikin, mai nuna girman borin, da gurandin ɗin karanshaf, da irin fistan da kamshaf, to ya fi. Idan babu, kalmar gyara tana iya nufin komai, daga cikakken aiki har zuwa wanki da fenti. Ni a wurina injin da ba a taɓa buɗewa ba, ko da ya gaji, ya fi wanda hannun da ban sani ba ya shiga cikinsa.

Kuma sabon gyara yana da nasa haɗari. Waɗannan injuna suna amfani da tafet mai shafaffen gindi da ke gogar kamshaf kai tsaye, suna buƙatar baƙin mai mai sinadarin zinki da fosfaras da ake kira ZDDP, wanda aka rage a man motocin zamani don kare na'urar tace hayaƙi. Sabon kamshaf da ba a yi masa tashin farko yadda ya dace ba yakan cinye cikin minti kaɗan, garinsa ya bi mai ya shiga ko'ina. Ka cire murfin tof, a juya injin, ka kalli roka goma sha shida. Wanda ya fi sauran lalaci wajen motsi, tudunsa ya tafi.

Injin jirgin ruwa ko na motar-gida fa? Sun fi araha.

Motar-gida, wato irin doguwar motar nan mai ɗaki da gado da Amurkawa ke yawon hutu da ita, tushe ce mai kyau ta 440 da 454 da 460. Sau da yawa tafiyarsu kaɗan ce, amma sun yi ta da kaya mai nauyi da zafi, don haka ka tsananta duba tof da bawul ɗin fita. Na jirgin ruwa ka tambaya ko ruwan teku ne ke ratsa shi. Gishiri yana cin hanyoyin ruwa daga ciki har bango ya zama kamar ɓawon ƙwai. A jirage masu inji biyu kuma akan sa ɗaya ya riƙa juyawa saɓanin yadda injin mota ke juyawa, irin wannan sai an canza masa kamshaf da wasu kayan kafin ya shiga mota.

Wane kaya ya kamata ya biyo injin?

Filawil da fulin gaba mai rage girgiza, su ne na farko. 454 yana da ƙarin nauyi a jikin waɗannan biyun don daidaita juyinsa, 396 da 427 ba su da shi. Ka sa filawil na 427 a 454, zai yi ta karkarwa har ya ci metal. Haka 460 na Ford daga 1979, da 440 na ƙarshe-ƙarshe masu karanshaf na zubi. Sai ƙarafunan riƙe altaneta da famfon sitiyari, da fulaye, da manifol ɗin salansa. Ƙananan abubuwa ne da ba a kula da su ranar ciniki, amma nemansu ɗaya-ɗaya yana cin wata da watanni. Ka lura kuma cewa 454 na 1991 zuwa sama an sake masa tsari: ba shi da gurbin famfon fetur a jikin bulok, kuma tof ɗinsa da na tsoho ba sa musanya kai tsaye.

Idan na kawo shi Najeriya ko Nijar, zai rayu?

Zai rayu, amma ka shiga da ido buɗe. Nauyinsa ya kai kimanin kilo 300, kuɗin jirgi da na kwastan na iya wuce kuɗin sayensa. Ƙofar Ruwa a Kano, da Panteka a Kaduna, da Ladipo a Legas cike suke da kayan Toyota da Honda da Peugeot da Mercedes, don haka gasket da rin da metal na 440 sai ka yi oda, gara ma su taho cikin akwati ɗaya da injin. Kusoshinsa na inci ne, sifanar milimita za ta cinye musu kai. Shan mai kuwa, lita ɗaya a kilomita huɗu zuwa biyar ba abin mamaki ba ne.

Shekarar injin tana da muhimmanci a nan. Waɗanda aka ƙera kafin 1971 an yi su ne don fetur mai dalma, da yawansu kuma suna buƙatar mai ƙarfin oktan sosai. LS6 yana matse iska sau 11.25, irin wannan zai yi ta ƙyas-ƙyas da man gidan mai na yau. Daga 1971 General Motors ta sauke matsin injunanta zuwa wajen 8.5 ko 9, kuma waɗannan, duk da ƙarfinsu ya ragu, su suka fi dacewa da manmu da zafinmu. Dalma kuma ita ce ke kare mazaunin bawul ɗin fita a tsofaffin tof, yanzu babu ita a fetur, don haka idan za a buɗe tof a sa masa mazaunai masu tauri tun can. Lagireto babba mai sabon ciki da fanka mai rumfa wajibi ne ga wanda zai tsaya a cunkoson Kano cikin watan Afrilu.

Nawa ya kamata in taya?

Ka raba injuna gida uku. Wanda ka ji tashinsa da sanyi, ka auna shi da gejinka, shi ne ya cancanci kuɗin inji mai aiki. Wanda yake juyawa da hannu, ka ga cikin kaskonsa, amma ba ka ji muryarsa ba, kuɗin abin gyara. Wanda ya cije, ko aka hana ka buɗewa, ko hoto kawai ka gani, kuɗin ƙarfe da ɗan ƙari saboda fata, domin ba a cinikin biri a sama. Idan ta hannun wani kake saye, ka biya bakanike na can wanda ba shi da alaƙa da mai kaya ya je ya duba, ya turo maka bidiyon gejin da hotunan lambobi uku ɗin nan. Kafin alƙalami kuma kada ya fita sai an rubuta abin da zai faru idan bulok ya faɗi gwajin tsaga.

Na saya, ya iso. In sa batir in buga?

Dakata tukuna. Ka zubar da tsohon mai, ka sa sabo mai ZDDP da sabuwar filta. Ka zuba ɗan mai a kowace silinda ta ramin fulogi, ka bar shi ya kwana, ka juya da hannu. A Chevrolet da Ford ana zare distiributa a zura sanda ta musamman a juya famfon mai da na'urar huda, har ka ga geji ya tashi, mai ya ɓullo a kan roka duka. A Chrysler sai an ƙara zare giyar da ke ƙarƙashin distiributa kafin sandar ta kai ga famfo. Ka yi alamar inda hancin rota yake kallo kafin ka zare, don ka mayar da shi daidai. Fetur ɗin tashin farko ya fito daga jarka mai tsabta, ba daga tsohon tanki ba, kuma a ajiye abin kashe gobara kusa, domin robobin kafireton da ya shekara ashirin a bushe sukan zubar da mai a kan manifol tun kafin injin ya kama.